Muryar Anti Barkono

Kafin likita ya sa wuƙa a maƙogwarona, ni ce mai sharhin safe a gidan rediyonmu, kuma masu saurare ne suka laƙaba mini suna Anti Barkono. Ban zaɓi sunan ba, amma ban ƙi shi ba. Shekara da shekaru, da gari ya waye sai in zauna gaban makirfo in amayar da abin da ke ci wa mutane tuwo a ƙwarya: asibitin da ba magani, makarantar da iska ta yaye wa rufi, 'yan siyasar da ba a ganin ƙeyarsu sai zaɓe ya matso. Ƙa'idata guda ce, ba na magana a kan abin da ban taka na je na gani ba. Shi ya sa kowane sharhi nake buɗe shi da cewa, "Na je da ƙafata, na gani da idona." Mutane sun san muryata kamar yunwar cikinsu, amma fuskata ba wanda ya sani, domin ban taɓa yarda an ɗauke ni hoto don aiki ba. Ina son in shiga layin asibiti a ture ni kamar kowa.

Sai wani tsiro ya fito mini a maƙogwaro, aka ce sai an yi aiki. Da Manajan gidan rediyon ya ji, ya kira ni ofis yana murza hannu.

"Anti, ba ma so kujerarki ta yi sanyi," in ji shi. "Akwai wata sabuwar fasaha. Za ki karanta wa kwamfuta wasu shafuka, ta koyi muryarki. Kina gida kina jinya, sai ki rubuto sharhi, ita kuma ta karanta. Ko mahaifiyarki ba za ta gane ba."

Na yarda. Na zauna a ɗakin ɗaukar murya na yi ta karatu, na yi dariya da aka ce in yi, na yi faɗa da aka ce in yi, har tsakina sai da suka ɗauka.

Bayan aiki likita ya kafa mini doka. Ba magana, ba ko raɗa, wai raɗa ta fi magana illa. Ya ce in na yi haƙuri na wasu watanni murya za ta dawo ko da ba kamar da ba, in kuwa na takura mata kafin wurin ya warke, to in yi mata ban kwana. Maigidana, wanda tela ne kuma ba ya rasa abin tsokana, ya ɗaga hannu sama a gaban likitan ya ce, "Allah, ashe kana jin addu'ar bayinka." Na harare shi, ya ce, "Kin ga, likita, ko hararar ma da ƙara take fita."

Da farko na rubuta 'yan sharhi kan abubuwan da na riga na gano kafin in kwanta. Ina kan gado ina jin kaina a rediyo, tsigar jikina tana tashi. Ni ce, ba ko shakka, sai dai wannan ni ɗin ba ta numfashi, ba ta gyaran murya. Da abin da na gani da idona ya ƙare, na tura wa Manaja saƙo cewa a dakata sai na fara fita. Ya amsa da cewa ba komai, za su riƙa maimaita tsofaffi. Daga nan na daina kunna rediyo da safe, don jin muryata yana sa ni kuka, kuma kuka ma likita ya hana.

Wata rana da hantsi ƙanena ya kira wayar maigidana. An kwantar da Inna, mahaifiyarmu, a asibiti, amai da gudawa.

Inna tana zaune ne a tsohuwar unguwarmu, can ƙasan gari, inda bututun ruwan sha ya fashe tun bara a daidai inda ya ratsa ta cikin kwata. Ni da kaina na yi sharhi a kai, na yi ta roƙon mutane su tafasa ruwa kafin su sha. Inna kuwa ba ta wasa da maganata. Idonta ya yi rauni, rediyo ce abokiyar hirarta, kuma in na ce rana daga yamma take fitowa za ta juya tabarmarta.

Ɗakin da aka kwantar da ita ya cika maƙil, wasu a gado, wasu a ƙasa kan kwali, ledojin ƙarin ruwa rataye a jikin ƙusoshin taga. Rabinsu, in ji ƙanena, 'yan unguwarmu ne. Inna ta zabge, idanunta sun faɗa. Na kama hannunta, na dubi ƙanena, na yi masa alamar tukunya a kan wuta, na buɗe hannu ina tambaya.

Inna ce ta amsa, a hankali. "Ai ke kika ce an gyara, 'yar nan."

Na girgiza kai.

"Ke kika faɗa mana, da kunnena na ji. Har na ce Alhamdulillahi, yarinyata ta warke tana yawo."

Ƙanena ya zaro wayarsa. "Yaya, ni ma na yi mamaki, shi ya sa na ɗauka. Na zaci kin fita ba ki faɗa mana ba." Ya danna, sai ga ni ina magana a tsakiyar ɗakin marasa lafiya, murya tas, ba tsiro ba ɗinki. "Na je da ƙafata, na gani da idona. An canza bututai, ruwa ya tsarkaka. Uwayena mata, ku daina ƙona gas da gawayi a banza, ku sha ruwanku da kwanciyar hankali, mu kuma gode wa waɗanda suka yi aikin." Har da ɗan tsakin nan nawa a ƙarshe, wai don masu yaɗa jita-jita.

Ban taɓa jin fushi irin na ranar ba.

Duk da haka ban wuce gidan rediyo kai tsaye ba. Sai da na sa maigidana ya kai ni unguwar a babur ɗinsa. A bakin titi, inda motoci ke wucewa, ga sabon bututu an shafe shi da shuɗin fenti, ga allo mai hoton wani mutum yana murmushi da hular aiki a kansa. Na bi bututun da ƙafa, na shiga lungu, na zagaya bayan shagon mai walda. A nan sabon ya ƙare. Tsohon bututun yana nan kwance cikin kwata yadda na bar shi, an naɗe wurin fashewar da tsohuwar robar taya, baƙin ruwa yana shafarsa yana wucewa. Yanzu kam na gani da idona.

Ofishin Manaja sanyi ƙalau, har da sabon labule. Ya miƙe da fara'a. "A'a, Anti! Ai da kin aiko, da mu muka zo. Jiki ya yi kyau."

Na ajiye masa wayar ƙanena a kan tebur na danna. Ya saurara kaɗan, ya kashe da kansa.

"Zauna mana, Anti. Kin ga, hukumar ruwa ce ta tabbatar mana an kammala aiki. Mu kuma lokacin shirinki ba zai zauna haka nan ba. Editoci suka rubuta, na'ura ta karanta. Ai ba wani abu ba ne sabo, duniya ce ta ci gaba."

Na fara rubuta masa amsa a waya, yatsuna suna kuskure, sai na ji ba zan iya ba. Na buɗe baki. Abin da ya fito ni kaina ya ba ni tsoro, kamar an ja ƙofar ƙarfe mai tsatsa.

"Uwata tana asibiti."

"Subhanallahi. Allah ya ba ta lafiya. Amma likita bai hana ki magana ba?"

"Ka ba ni makirfo. In ce ba ni ba ce."

Ya koma kujerarsa ya zauna, fara'ar ta tafi. "Anti, ki yi mini adalci. In sa ki a iska ki ce gidan nan ya yi ƙarya? Zaɓe saura ƙiris, lasisinmu yana hannun mutanen nan, akwai ma'aikata masu iyali a ƙarƙashina. Kuma da wace muryar za ki faɗa? Ki je ki warke tukuna, kujerarki tana nan. Muryar da ke cikin kwamfuta kuwa ta gidan nan ce, da yardarki aka ɗauka."

"Gobe ma za ta yi magana?"

"Shiri ai ba ya tsayawa."

Na so in kifar masa da tebur, wallahi na so. A hanyar fita na haɗu da mai haɗa sauti, mutumin da muka yi shekaru yana ɗaga mini yatsa ta bayan gilashi in lokaci ya yi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Anti, ni dannawa kawai nake yi." Na wuce shi ban ko kalle shi sau biyu ba.

Washegari na jira na'urar ta gama sharhinta, wannan karon yabon sabon titi take yi da bakina, aka buɗe layin masu saurare, na kira. Da aka ɗauka na ce ni ce Anti Barkono ta gaskiya, ruwan ƙasan gari bai gyaru ba, a tafasa. Ban kai ƙarshe ba aka katse. Wanda ya kira bayana dariya yake. "Wace ce wannan mai muryar kwaɗo? Yanzun nan muka ji Anti da kunnenmu, lafiyarta ƙalau." Wata ta ce 'yan adawa ne suka turo ni, wani ya ce a yi mini addu'a, ƙila taɓin hankali ne.

Ƙanena ya ce a gwada bidiyo. Ya ɗauke ni a waya ina tsaye kusa da kwatar, ya watsa. Masu kallo suka ce ai irin bidiyon nan ne da ake haɗawa da na'ura don a ɓata sunan mutanen kirki, a yi hattara. Na zauna ina karanta maganganunsu, ban san ko in yi dariya ko in yi kuka ba. Na'ura ta zama ni, ni na zama na'ura.

Maigidana ya ajiye almakashinsa ya zo ya zauna kusa da ni. Babu tsokana a bakinsa ranar.

"Kin yi iya yinki," ya ce. "Tun jiya kike tofar da jini, kina tsammani ban gani ba. Ki bari wurin ya warke. Murya ta dawo, ki koma ki wanke kanki, ki yi musu kaca-kaca. Ni ma na yi kewar faɗanki, wallahi gidan ya yi mini shiru da yawa."

Gaskiya ya faɗa, kuma na san don yana sona ne. Ina son muryata. Ban iya komai ba a duniya sai ita. Amma watannin da likita yake nema, mutanen ƙasan gari ruwa za su yi ta sha a cikinsu, safe da yamma, da izinina. Na rubuta masa a waya, ka kai ni famfon unguwa gobe da sassafe. Ya karanta, ya daɗe yana kallona, ya ce, "Taurin kan nan dai likita bai yanke shi ba."

Famfon yana gaban wani shagon kayan masarufi, kuma da safe ake sakin ruwa. Layin jarkoki da bokitai ya kai har kwana. Mai shagon ya ƙure rediyonsa, ina jin kaina ina gaishe da jama'a. A gaban layi wata mai goyo ta cika jarkarta, ta zaro robar ruwan ɗanta ta tara a bakin famfo. Na matsa na dafa hannunta.

"Ƙanwata, kada ki ba shi. Ki tafasa."

Ta ja baya, ta dube ni sama da ƙasa. "Baiwar Allah, lafiya? Ai an gyara ruwan. Anti Barkono ta faɗa."

"Ni ce Anti Barkono."

Layin ya fashe da dariya. Wata mai faɗin baki ta nuna rediyon mai shago da haɓa. "To waccan kuma fa, kakarki ce? In ke ce Anti Barkono, ni ce matar shugaban ƙasa." Aka sake kwashewa. Mai goyon ta rufe robar ta miƙa wa yaron ta bayan kafaɗa, ya kama da hannu biyu.

A nan na gane inda na tsaya. Ba su san fuskata ba, muryata kuma ga ta can a hannun wasu. Abin da ya rage mini a duniya sunan ne kawai, kuma sunan ne yake shayar da su ruwan kwata. Muddin suna yarda da Anti Barkono, Manaja yana da abin sayarwa. Na san abin da zan yi, kuma na san ba a dawowa daga gare shi.

Na fizge robar daga hannun yaron, ya tsala ihu, kowa ya juyo. Na tattaro duk abin da ya rage a maƙogwarona.

"Na yarda, ba ni ba ce. Amma na san ta. Anti Barkono maƙaryaciya ce. An saye ta."

Wani dattijo mai tura kurar ruwa ya saki kurarsa ya matso, yana nuna ni da yatsa.

"Ke, ki iya bakinki. Matar nan ita ta yi ta magana har aka kawo mana nas a asibitin unguwa. Lokacin da aka so rushe mana kasuwa, wa ya tsaya mana? Duk garin nan in mutum ɗaya ya rage mai gaskiya, ita ce. Ki nemi gafarar Allah."

Ban taɓa jin yabo mai daɗi da ciwo irin wannan ba. Na so in rungume tsohon nan. Maimakon haka na dube shi ido cikin ido.

"Baba, ta ce ta zo da ƙafarta. Wa ya gan ta? Kai da kake yini a layin nan, ka ga wata ta zo duba bututu?"

Ban jira amsarsa ba, na juya ga mutanen layin.

"Mutum nawa aka kwasa zuwa asibiti daga unguwar nan tun da ta ce ku sha? Ruwa ba ya tsami banza. Ku biyo ni, ga shi nan bayan shagon mai walda. Kada ku yarda da ni, kada ku yarda da ita, ku je ku gani."

Kowace kalma kamar ina haɗiyar kwalba. Na juya na kama hanya ban waiga ba. Da farko takun maigidana kawai nake ji a bayana, sai na ji silifas, sai ƙarar bokitin da aka ajiye, sai surutu. Da muka isa na tsaya a bakin kwatar na nuna. Dattijon ya tsuguna, ya sa sanda ya ɗaga robar tayar. Ruwan famfo yana tsartuwa ta wurin fashewar, baƙin ruwan kwata yana komawa ta gefe. Wata ta toshe hanci, wata ta fara salati.

Mai faɗin bakin nan ce ta fara. "Amma matar nan ta cuce mu! 'Yata kwana nawa tana gudawa, ina cewa haƙori ne."

"Ashe ita ma ta ci ta ƙoshi."

"Duk bakinsu ɗaya, munafuka!"

Dattijon ya miƙe a hankali yana kaɗe gwiwa. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Cewa ya yi, "Ita ma?" Ya girgiza kai ya koma wajen kurarsa, ya fara tuntsurar da jarkokin da ya cika ɗaya bayan ɗaya.

Mai goyon ta karɓi robar ɗanta daga hannuna, ta buɗe ta zubar a ƙasa, idonta ya cika da hawaye. "Allah ya isa tsakanina da Anti Barkono," ta ce. "Ban yafe mata ba, duniya da lahira."

Na ce, "Amin." Maigidana ya juya baya yana goge fuska da hularsa.

Wani ya ruga ya gaya wa mai shago, muka ji rediyon ya mutu ana tsakiyar jimla. Mata suka watse, kowa tana kiran sunan 'ya'yanta, a sauke kofi, a ɗora tukunya. Mai goyon ba ta tafi ba. Ta gyara zaninta ta ce, "Baiwar Allah, kin yi mana rana. Ya sunanki, mu san wa za mu sa a addu'a?"

Na buɗe baki. Iska ce kawai ta fito, da ɗanɗanon jini. Na sake gwadawa, na dafe wuya, babu komai, ko tsatsar ma ta tafi. Na san abin da likita zai ce, kuma ban ji nadama ba, haushi kawai na ji cewa ta ƙare tun da sauran aiki. Akwai wani famfon a bayan makarantar firamare, akwai na bakin kasuwa, duka bututu ɗaya ne. Na ɗaga hannu na nuna mata hanyar makarantar, na nuna bakina, na girgiza kai.

Ta gane. Ta ƙara tamke goyonta ta ce, "Mu je, ni zan yi maganar."

Ta shige gaba, kuma Allah ya hore mata murya. Tun daga bakin lungu ta fara, tana tafe tana shela, a tafasa ruwa, Anti Barkono ta ci amanar talakawa, an saye ta, kada wanda ya ƙara sauraronta. Ƙofofi suna buɗewa, mutane suna leƙowa. Ni kuma ina biye da ita a baya, duk wanda ya dube ni yana neman tabbaci, sai in gyaɗa masa kai.